Kurciyar Malam da Irin Gonarmu

Tun da na dawo, labulen ɗakina bai huta ba. Wannan ta shigo ta ce, "Mairo, wai da gaske a bayan mobilet kika je har Ingilishi?" Waccan ta tare ni a bakin famfo ta ce sai na gaya mata abin da suke ci a can ƙetaren iyakar kudu, ƙasar da muke ce wa Ingilishi. Ba na ƙin faɗa, sai dai duk sanda na kai wurin Malam kuka yake ƙwace mini magana, a tashi ba a ji ƙarshe ba. Shi ya sa na roƙi maƙwabciyata Hadiza, malamar lakwal, wato makarantar boko, ta zauna da alƙalami in faɗa ta rubuta, don ni ban san ko harafi ɗaya ba. Wadda ta sake tambaya, a karanta mata.

Malam, mijina, ya rasu da sanyin bana. Allah Ya haskaka kabarinsa. Tun ina yarinya aka kawo ni gidansa a Zango, unguwarmu a nan Damagaram, kuma har ya koma ga Ubangijinsa ban taɓa jin ya ɗaga mini murya ba. Har yau in na dama fura sai in ɗauko ludayi biyu, sa'an nan in tuna.

Da can ya yi aikin masinja a wani buro, ofishin sayen gyaɗa, lokacin da gyaɗa take da daraja, a nan ya sayi 'yar mobilet ɗinsa, irin ƙaramin babur ɗin nan. Ƙarama ce, launin toka, da fitila zagayayya a goshi, da madubi ɗaya, da feda irin ta keke wadda sai an murza kafin inji ya kama. Kurciya yake ce mata. Samari suna yi masa dariya wai tsohon yayi ce, shi kuwa kowace Juma'a sai ya wanke ta kafin ya wanke kansa. Daga Zango zuwa Birni, daga Birni zuwa kasuwa, iyakarta ke nan. Bai taɓa yarda ƙafarta ta taka yashi ba. In zai je gonarmu ta Gaffati, jakin wani yake ara.

Gonar nan tana hannun ɗana na fari, wanda muke ce wa Babba. Fari ya bi fari, rumbu ya ƙare, yaransa suka kwanta da ciwo, har aka kai ga sauko da irin shuka aka daka aka ci. Ban ga laifinsa ba. Amma ba kowane gero yashin Gaffati yake karɓa ba. Namu ankutes ne, gajeren kai mai kauri, wanda yake nuna da wuri ko da damina ta gaza, tun kakan Malam ake juya shi a gonar. Ranar da Malam ya ji an cinye, sai ya ce, "Akwai shi a wurin Dije." Dije ƙanwarsa ce, an kai ta aure wani ƙauye bayan Babura, kuma cikin kayanta na aure uwarsu ta sa mata damin geron gida.

Ina cikin takaba Babba ya zo ya durƙusa a bakin ƙofa ya ce, "Inna, in ruwa ya sauka ba iri, zan bar wa wani ɗan kasuwa gonar, in bi kamyo, motar kaya, in yi arewa neman aiki." Da aka zo rabon gado, dangi suka ce a sayar da Kurciya a sayi garin rogo. Na ce a'a, a sa mini ita cikin tumunina. Suka dubi juna, suna tsammani baƙin ciki ya taɓa mini kai.

Iyaka a rufe take, manyan motoci ba sa ƙetarawa, sai masu ƙafa da masu jaki da wanda Allah Ya ba sa'a. Ranar da na fita takaba, na yi wanka, na aika a kira mini Habu, ƙanen Malam, tela a kasuwa. Shi ma furfura ta cika masa gemu, amma bakinsa bai tsufa ba.

Na ce, "Habu, ka iya tuƙa wannan?"

Ya ce, "Haba matata, ni da nake taka keken ɗinki tun ba a haifi Babba ba? Duk feda ce."

"To gobe za ka kai ni wurin Dije."

Ya yi dariya har ya ga ban yi ba. Ya ce, "Yaya Mairo, wannan abin birni ce. Yaya da kansa ko Mirriya da take nan kusa bai taɓa kai ta ba."

Na ce, "Shi bai ga gonar ubansa za ta bar gida ba."

Da safe na ɗaura tsohon matashi a kan ƙarfen baya, na zauna a karkace na riƙe rigar Habu. Ba mu bar Zango ba ya shiga cikin tiren wata mai ƙosai. Ta zage shi, ya ba ta haƙuri, ya juyo ya ce wai ni ce na yi nauyi ta gefe ɗaya. Kafin Dogo gefen mayafina ya shiga ƙafar baya, sai na ji ana shaƙe ni, muka kife a bakin hanya mu biyu da Kurciya. Habu bai tambayi wuyana ba, madubi ya fara dubawa. Daga nan na naɗe mayafin a ƙugu kamar mai zuwa daka, kunya ta sai mu dawo.

Hanyar kudu cike take da mutane. Masu tabarma a ka, masu tsohuwa a kan jaki, masu jan saniya ɗaya da ƙasusuwanta suke ƙirguwa. In mun wuce sai yara su bi mu da gudu suna miƙo hannu, su ga ba mu da komai sai buta, su koma. A Bande wani dattijo da yake zaune a gindin itacen bedi ya tsayar da mu ya ce, "Wannan ba ta masinjan gyaɗa ba ce? Ina mai ita?" Na ce masa Allah Ya yi masa rasuwa. Ya cire hularsa ya yi addu'a, ya ba mu ruwa.

A Magariya muka kwana gidan wani tela abokin Habu. Matarsa ta kawo kunun dusa tana ta ba da haƙuri, kamar ita ta hana ruwa sauka. Na sha, na gode mata, don na san daga bakin yaranta ta rage.

Washegari muka isa bakin iyaka. Ɗan duwan, ma'aikacin kwastan ɗinmu, ya karɓi takardar mobilet ya dubi hoto, ya dubi Habu.

"Wannan ba kai ba ne."

Habu ya ce, "Ranka ya daɗe, yayana ne. Ya fi ni kyau, amma na fi shi haske."

"Ina yake? Sai mai ita ya zo da kansa."

Na ce, "Ɗana, yana maƙabartar Zango. In za ka iya taso mini shi, ni ma ina son ganinsa." Ban yi niyyar kuka ba, shi ya zo. Yaron ya rasa inda zai sa idonsa, ya miƙa wa Habu takarda ya ce mu tafi. Na wancan gefen kuwa, da kakinsu da hularsu daban, dariya suka yi ta yi. Ɗaya ya kira ɗan'uwansa ya ce, "Zo ka ga babur ɗin 'yan Faransa, rabi keke rabi babur!" Faransa suke ce wa ƙasarmu. Ya ce sai ya ɗana. Ya hau ya yi ta neman inda ake bugawa da ƙafa bai samu ba, Habu yana tsaye yana kallon sama kamar bai gani ba. Da suka gaji suka ce mu wuce, amma mu sani ko ƙwayar hatsi ba a fita da ita daga ƙasarsu, buhu ko ƙunshi, duk sai sun soka ƙarfe.

Ga masu tambayar yadda Ingilishi take: Hausa ɗaya muke yi, sai dai ko ina ka buɗe baki sun gane ka. Na ce esans, suka ce fetur. Burodinsu laushi gare shi da zaƙi kamar alkaki, ba irin namu dogo mai ƙarfi ba, kuma shayinsu a babban kofi da madara, a kurɓe shi kamar kunu, a tashi. Habu ya ce mutanen da suke shan shayi a tsaye ba za su taɓa sanin labarin maƙwabtansu ba. Matansu ba sa fitowa kasuwa kamar mu, 'yan yara ke yi musu talla. Su ma fari ya taɓa su, amma akwai dawa a kasuwar Babura, na gani da idona, na tsaya ina kallonta kamar ban taɓa ganin hatsi ba.

Dije tana tsakar gida tana tankaɗe ta ji ƙarar inji a ƙofa. Ta ce ta san ƙarar tun kafin ta gan mu, don duk zuwanta Damagaram a kanta yayanta yake ɗaukar ta daga tasha. Ta fito ba mayafi tana cewa "Yaya! Yaya!" sai ta ga Habu a kai. Ta ji labarin rasuwar tun tuni a bakin fatake, iyaka ta hana ta zuwa, amma ƙarar ta sa ta mance. Ta durƙusa ta rungume sirdin tana kuka, ni ma na durƙusa a gefenta. Habu ya juya baya yana gyaran madubin da ba abin da ya same shi.

Da muka natsu aka kawo tuwon dawa da miyar kuka, na ci kaɗan na ce, "Dije, ba gaisuwa kaɗai ta kawo ni ba. Geron gida."

Ta kama hannuna zuwa ɗakin girkinta. A sama, inda hayaƙi ke bugawa, ga kawunan ankutes a rataye, gajeru, sun yi baƙi-baƙi. Ta ce dangin mijinta suna yi mata ba'a, wai geron Faransa, kai kamar taɓarya ta karye. Kowace shekara a bayan gida take shuka shi, ba don ci ba, don ta riƙa ganin gida. Ta sauko da su duka. Na ce ta rage. Ta zare 'yan kawuna ta mayar sama ta ce, "Waɗannan sun ishe ni. Sauran na gonar Baba ne, aro na yi."

Mu biyu muka sussuke shi da hannu, ba a turmi ba, kada ƙwaya ta fashe. Habu ya farke matashin da nake zama a kai, ya zubar da tsummoki, ya ɗura geron ya ɗinke. A nan kam na yarda tela ne. Mijin Dije ya ce kada mu koma ta bakin iyaka, mu bi masu jakuna ta daji da sassafe, za mu fito bayan Tinkim, cikin ƙasarmu.

Kafin mu bar Babura Habu ya tsaya wurin masu sayar da fetur a kwalabe ya cika tanki, yana ta murna wai araha kamar ruwa. Ku da kuke birni kun sani, a Damagaram in ka kai mobilet gidan mai, melanj ake zuba maka, esans da aka riga aka gauraya da baƙin mai, ba sai ka ce komai ba. Malam bai taɓa faɗa mana ba don bai taɓa zaton za ta bar gari ba. A can kuwa fetur zalla suke sayarwa. Ni ban sani ba, Habu bai sani ba.

Hanyar jakuna yashi ne zalla. Mu hau kaɗan, mu sauka mu tura, masu jakuna suna wuce mu suna cewa, "Sannu da doki, Baba!" Habu yana ce musu aƙalla nasa ba ya kashi a hanya. Rana ta ɗaga, mun riga mun shigo ƙasarmu, sai Kurciya ta fara wani irin kuka, zafi yana dukan ƙafata. Can ta yi ƙara ƙiii kamar an ja wuƙa a kan dutse, ta tsaya cak. Habu ya murza feda har gumi ya jiƙa masa riga. Ko tari ba ta yi ba.

Kusa da wurin akwai rijiya, da 'yan bukkokin zana na mutanen da yunwa ta koro daga arewa. Habu ya ce in zauna a nan, shi ya tura ta bakin kwalta ya nemi makanike. Na kwance matashina na rungume, na yi sallama a bukka ta farko.

Wata mace ce a ciki, ba ta kai Dije shekaru ba amma fuskarta ta fi tawa tsufa. Daga wajen Tanut suka zo, manoma ne kamar mu. Mijinta ya ƙetara neman aiki bai dawo ba. Yara uku a kwance a inuwa, ba mai wasa a cikinsu. Ta shimfiɗa mini buhu, na ɗora matashin na zauna a kai. Ta kawo mini anza, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci da sai an jiƙa su kwana da kwanaki kafin su ciwu. Ta raba kashi biyar daidai, ta turo mini ɗaya.

Na ce na ƙoshi. Ta ce, "Iya, baƙo ba ya ƙoshi a gidan da bai ci ba. Ki ci."

Hadiza, rubuta wannan yadda na faɗa. Na ci anzar matar nan ina zaune a kan gero. Kowace loma sai da na tura ta da ruwa. Ƙaramar yarinyar ta rarrafo ta jingina da ni, ta sa yatsa tana danna matashin, geron yana motsi a ƙarƙashin yatsanta yana ɗan ƙara. Uwar ta ji. Duk wadda ta taɓa auna gero ta san wannan ƙarar. Ta janye yarinyar, muka dubi juna.

Ta ce, "Iri ne?"

Na ce, "Iri ne. Na gonar mijina."

Na kai hannu bakin ɗinkin. Ban san abin da zan yi ba, wallahi, hannun ne ya tafi da kansa. Na ce, "Kawo ƙwarya in ɗiba miki, ko na shuka ne."

Ta riƙe mini wuyan hannu da ƙarfin da ban zaci tana da shi ba. Ta ce, "Kada ki farke shi a nan. In ya shiga ƙwaryata, kafin la'asar yana cikin tukunya. Namu ma haka na ce na shuka ne, na binne shi a tulu, da hannuna na tono. Na ci irin shukar da aka ba mu daga baya mai jan maganin ƙwari, na wanke shi na dafa." Ta sake ni. "In kina so ki yi mini alheri, ki shuka mini sahu ɗaya a gonarku. In ya yi, ki ajiye mini kawunan. Kuma ki ɗauke shi ki koma bakin rijiya ki jira mutuminki, kada manyan yaran su tashi su gane."

Na tashi na koma bakin rijiya. Na zauna a rana da matashi a cinya ina kuka, mata suna jan ruwa suna kallona, ba wadda ta tambaya, don a wannan wurin kuka ba labari ba ne.

Da yamma sai ga Habu, Kurciya tana tafe tana tari da baƙin hayaƙi. Ya ce makanike ya zage shi tas, ya ce ya ba ta tuwo ba miya, ya ɗura mata mai ya lallaɓa ta ta tashi, amma ya ce cikinta ya riga ya ƙuje, kada mu sa rai. Na ce, "Ta kai ni Gaffati kawai." Habu ya dubi fuskata, karon farko a tafiyar nan bai yi wasa ba.

Mun sake kwana a Magariya. Da gari ya waye gabas ta yi baƙi. Kowa a hanya kansa a sama. Bayan Dogo iska ta taso, sai ruwa, ruwa na gaske, irin wanda muka mance kamanninsa. Mutane suna fitowa suna kabbara, ni kuwa na sauka na cusa matashin cikin rigar Habu, na lulluɓe shi da mayafina, muka raɓe a wata rumfa. Ya ce, "Matata, yau ni ne mai ciki." Na ce ya yi shiru ya rufe da kyau. Yashinmu ba ya riƙe laima, in ba a shuka a kan wannan ruwan ba, sai a jira wani, kuma Babba ba zai jira ba.

Da ya tsagaita muka hau. Mun ratsa Damagaram ta bakin Zango ban ko leƙa gida ba. A hanyar Gaffati, inda kwalta ta ƙare, Kurciya ta yi ajiyar zuciya ta mutu. Habu ya murza, ya roƙe ta, ya kira ta da sunan da Malam yake kiranta. Na kwance matashin na ɗora a ka. Na dafa sirdin na ce mata na gode, ban ji kunyar faɗa ba. Habu ya ce, "Yaya Mairo, ki jira a sami amalanke." Na ce ya zauna da ita kada a ɗauke, na kama hanya.

Ban shiga gidan Babba ba, na ga ƙunshin kayansa a ɗaure a zaure. Na ce da matarsa ta miƙo mini sungumi, ta miƙo tana kallona baki buɗe. Na wuce gona. Ƙasa a jiƙe, tana ƙamshi. Na farke ɗinkin Habu da haƙori, na zuba geron a mayafi na ɗaure a ƙugu, na ɗaga sungumi. Ban taɓa saran rami ba a rayuwata, aikin maza ne, mu bin baya muke yi muna jefa iri muna rufewa da diddige. Na sara ɗaya, na sara biyu, kafaɗata kamar za ta fita. Na ci gaba.

Ban ji zuwansa ba, sai inuwarsa na gani. Ya tsuguna ya ɗebi geron a tafinsa, ya daɗe yana kallo, ya sa ƙwaya ɗaya a haƙori. Ya miƙe ya kama sungumin a hannuna.

"Inna, ramukanki sun karkace."

Na sakar masa. Ya koma gindin gawo inda ubansa yake farawa, ya tofa yawu a hannu, ya sara. Na bi bayansa ina jefawa ina rufewa, hawaye suna hana ni ganin rami, ƙafata ce take nemo shi. Da muka kai ƙarshen sahun na ce ya kafa kara a nan.

Ya ce, "Na mene ne?"

Na ce, "Wannan sahun ba namu ba ne. In ya nuna, a yanke shi daban, a rataye."

"Na wane ne?"

Sai a lokacin na tuna ban tambayi matar bukkar nan sunanta ba. Na ce, "Ka dai kafa karan. Na san rijiyar."

Ya kafa, ya juya ya kama sahu na biyu.